Shekara 20 kamfanonin cakulan suna ɗaga wa'adi, yara na nan a gonar koko

Tun 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin-Engel, wai zuwa 2005 za su kawo ƙarshen bautar da yara a gonakin koko. 2005 ta zo aka ce 2008, aka koma 2010, daga baya ma aka rage buri, aka ce zuwa 2020 a samu ragin kashi 70 cikin 100. To a 2020 ɗin cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ta fitar da bincike, yara wajen miliyan 1.56 ne ke aikin koko a Kodebuwa da Gana, ƙasashen da ke noma kusan kashi 60 na kokon duniya. Yaro ɗan shekara goma da adda a hannu yana fasa koko, ga buhu ya fi ƙarfinsa, ga maganin feshi ba ko takunkumi.

Eh, da yawansu gonar iyayensu ce, na sani, mu ma nan yaro na zuwa gona. Amma akwai waɗanda ake kwasowa daga Mali da Burkina Faso da alkawarin albashi, su ƙare ba kuɗi ba makaranta ba hanyar komawa gida. Wannan bauta ce, kar a canza mata suna.

Wasu 'yan Mali shida da suka ce haka aka yi musu suna yara sun kai ƙarar Nestlé da Cargill har Kotun Ƙolin Amurka, a 2021 kotun ta ce abin a waje ya faru, ba hurumin dokar da suka kai ƙara da ita ba ne. Wallahi abin ya ƙona min rai, riba ta tsallaka teku ba wanda ya tare ta amma hakkin yaro ya maƙale a boda.

Kamfani ba zai zama alƙalin kansa ba, shi ya kafa wa'adi shi ya ɗaga. Kuma tushen matsalar farashi ne, manomin da kuɗin kokonsa bai isa ya ɗauki lebura babba ba ɗansa zai tura. Ƙarin dala 400 kan kowane tan da Gana da Kodebuwa suka ƙaƙaba wa masu sayen koko a 2019 mataki ne, amma su ma gwamnatocin su ke yanke wa manomi farashi, ko a 2024 da tan ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya kaɗan ne ya kai hannunsa. Ya kamata Cocobod, hukumar koko ta Gana, ta fito ta yi wa manoma bayanin ina sauran ya tafi.