Tsohon janar a 2027? Mu tuna abin da muka gani da idonmu

Duk lokacin da zaɓe ya matso sai ka ji mutane a majalisa suna cewa ƙasar nan sai soja, wai a nemo wani tsohon janar a tsayar da shi, shi ne zai yi maganin 'yan bindiga. Na fahimci masu wannan magana wallahi, mutumin da ya biya kuɗin fansar ɗan'uwansa ko ya shekara uku bai taka gonarsa ba a Zamfara dole ya nemi mai ƙarfi. Amma ai mun gwada, har sau biyu.

Obasanjo ya miƙa wa Shagari mulki a 1979, ya dawo a matsayin farar hula a 1999, kuma a cikin shekarar sojoji suka rugurguza garin Odi a jihar Bayelsa, a 2001 aka maimaita a Zaki Biam a jihar Binuwai, daga ƙarshe ya nemi zango na uku sai da majalisar dattawa ta taka masa birki a 2006. A Nijar ma Tandja, tsohon kanar ne, tazarce ta kai shi ga juyin mulkin 2010.

Na Buhari, Allah Ya jiƙansa, shi ya fi min ciwo don mu ne muka sha rana a layi a 2015, talakawa har katin gudummawa suka dinga saya don tara masa kuɗin kamfen, saboda mun yarda janar ne, ya san dawa ya san bariki. Sai da ya kwashe wajen wata shida kafin ya naɗa ministoci. A Disamba 2020 yana hutu a Daura aka shiga makarantar Ƙanƙara aka kwashe yara sama da 300, a jiharsa fa.

Ni ban ce a hana tsohon soja takara ba, ɗan ƙasa ne, tsarin mulki ya ba shi dama. Abin da nake gudu shi ne mu ɗauki kaki a matsayin satifiket. A bariki oda ake bayarwa a ce yes sa, a Villa kuwa sai ka lallaɓa gwamnoni 36 da 'yan majalisa, ka saurari wanda ba ka ƙauna. Duk janar ɗin da ya fito ya fara gaya mana ina kuɗin makamai suka shiga lokacin da yake ofis, da abin da zai yi wa dajin Rugu a shekararsa ta farko.