Maganin mantuwa na kwalba: me muke saya wa iyayenmu?

Kwanakin baya na tsaya a wani kemis kusa da Terminus a nan Jos, ina jiran a ba ni maganin mura, sai wata mata ta shigo, za ta yi shekara arba'in da 'yan kai. Bayan gaisuwa ta ce wa mai kantin: "Malam, don Allah akwai maganin mantuwa? Babanmu ne. Kwana biyun nan sai ya ajiye abu ya rasa inda ya sa, jiya ma sau biyu ya yi sallar la'asar." Mai kanti bai tambayi shekarun tsohon ba, bai tambaya ko yana da hawan jini ko ciwon suga ba. Juyawa ya yi ya sauko da kwalabe uku, kowace da hoton ƙwaƙwalwa a jikinta, ya ce: "Hajiya, wannan na waje ne, ya fi ƙarfi, kin ga ma lambar NAFDAC nan." Ta ɗauki mafi tsadar, ta ƙirga kuɗi, ta yi godiya, ta fita hankalinta a kwance.

Kwanciyar hankalin nan tata ce ta tsaya mini a rai. Baiwar Allah ta yi abin da duk 'yar halak za ta yi, ta ga mahaifinta yana sauyawa ta tashi nema masa magani. Sai dai ina da yaƙinin kwalbar nan ba za ta dawo wa Baba da abin da ya fara kuɓuce masa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne watannin da za a shafe ana jiran ta yi aiki, alhali a cikinsu ne ya kamata likita ya duba shi.

Da yawa daga cikin waɗannan kwalabe, idan ka karanta abin da ke ciki, za ka tarar da ganyen ginkgo, wata bishiya ce 'yar asalin ƙasar Sin. Shi ne uban tafiyar, kuma shi ne aka fi gwadawa. A Amurka an tara tsofaffi 3,069, duk masu shekara 75 zuwa sama, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suna shan ginkgo miligiram 120 safe da yamma, ɗaya kashin suna shan ƙwaya mai kama da ita sak amma babu magani a ciki, kuma babu wanda ya san wadda yake sha. Aka bi su wajen shekara 6. Da sakamakon ya fito a 2008, yawan waɗanda suka kamu da cutar ruɗewar ƙwaƙwalwa, wadda mu a gida muke kira gigin tsufa, bai ragu ba a cikin masu shan ginkgo. A Faransa aka sake irin wannan gwaji na shekara 5 da mutum sama da 2,800 waɗanda da bakinsu suka kai wa likita kukan mantuwa. A 2012 amsar ta fito iri ɗaya.

Na daɗe a kan wannan ne don mu gane bambancin gwaji da shaidar baki. Kowa ya san wani da zai ce "wallahi na sha, na ji canji", kuma ba ƙarya yake yi ba. Mantuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya, yau ta yi tsanani gobe ta lafa, gwargwadon barci da damuwa da lafiyar jiki. Mutum kuwa ba ya zuwa kemis sai ranar da abin ya ishe shi, wato ranar da ya fi muni, saboda haka duk abin da ya sha, kwanakin da za su biyo baya za su fi masa sauƙi. Ga kuma sa rai. Wanda ya kashe kuɗi masu yawa yana lura da ranar da ya tuna inda ya ajiye makulli, ba ya ƙirga ranar da ya manta. Dalilin ke nan da masu bincike ke ba rabin mutane ƙwayar da babu komai a cikinta, domin su ma masu shan ta sukan ce sun ji sauƙi.

Akwai wani maganin da ya yi suna a Amurka mai suna Prevagen, wanda aka ce sinadarinsa daga wata halittar teku mai yauƙi aka samo shi. A 2017 hukumar kare masu saye ta tarayyar ƙasar, FTC, tare da babban lauyan jihar New York suka maka kamfanin a kotu kan cewa tallarsa yaudara ce, kuma a 2024 kotu ta hana shi ci gaba da cewa yana gyara ƙwaƙwalwa. Sinadarin nasa furotin ne, ciki yana narkar da shi yadda yake narkar da ƙwai ko wake, to ta ina zai kai ga ƙwaƙwalwa? Man kifi na omega-3 shi ma an gwada shi a dubban tsofaffi ba a ga ya kare su daga mantuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta faɗi ƙarara cewa kada a ba da shawarar shan bitamin B ko E ko man kifi da nufin kare kai daga wannan cuta.

To lambar NAFDAC fa? Nan ne aka fi cutar mu, domin mutanenmu sun ɗauki lambar a matsayin shaidar cewa gwamnati ta gwada maganin ta ga yana aiki. Magungunan ganye da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba an ga ba a samu abin cutarwa a ciki ba, an yarda a sayar. Ba ta ce yana warkar da komai ba. Hasali ma dokar hukumar ta tilasta a rubuta a jikin kwalbar cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansa ba. Rubutun yana nan, da Turanci, da ƙananan haruffa a can ƙasa, inda mai saye ba ya kai ido. "Na Amurka ne" ma ba hujja ba ce. Tun dokar da suka yi a 1994, kayan ƙarin abinci irin waɗannan ba sa buƙatar amincewar hukumar magunguna ta FDA kafin su shiga kasuwa, kamfani ba ya nuna wa kowa shaidar cewa suna aiki. Kwalbar da ta tsallako teku ta iso Jos ba ta bi ta hannun wani alƙalin da ya ce tana gyara ƙwaƙwalwa ba.

Adalci ya sa in faɗi inda masu kare waɗannan kaya suke da abin riƙewa. Wani bincike mai suna COSMOS da aka yi a Amurka ya gano a 2022 cewa tsofaffin da suka sha haɗin bitamin na yau da kullum tsawon shekara 3 sun ɗan ɗara sauran a jarrabawar tunani. Ratar kaɗan ce, ba a nuna ya hana cutar ruɗewa ba, kuma bitamin ne na gama-gari, ba kwalba mai hoton ƙwaƙwalwa da farashi ninki-ninki ba. Sai ƙarancin bitamin B12, wanda da gaske yana kawo mantuwa da kasala da jin ƙafa kamar ana tsira allura. Tsofaffi sun fi fama da shi saboda cikinsu ya rage tsotse shi daga abinci, haka ma masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin. Wannan idan an cike gurbin, mutum yakan farfaɗo. Amma da gwajin jini ake gane shi, kuma wani sai an yi masa allura, ba a tsaye gaban kanta ake yanke hukuncinsa ba.

Wannan ya dawo da ni kan Baban matar nan. Me zai sa dattijo ya fara mantuwa cikin 'yan makonni? Abu na farko da zan so a auna shi ne hawan jini. Ya yi katutu a gidajenmu, da yawa ba su san suna da shi ba, waɗanda suka sani kuma suna shan magani ne ranar da kai ya yi ciwo kawai. Jini idan ya daɗe a sama yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, mutum ya yi ta samun ƙananan shanyewa da ba wanda ya lura da su, sai dai a ga tunaninsa yana raguwa. Wani babban gwaji da aka bayyana a 2019 ya nuna cewa sauko da jini sosai ya rage fara raunin tunani da kusan kashi 19 cikin 100. Babu kwalbar mantuwa ko ɗaya da ke da irin wannan shaida. Bayan jini akwai suga, akwai matsalar halittar nan ta maƙoshi da ake kira thyroid, wadda ke rage kuzarin jiki, akwai baƙin ciki mai nauyi bayan rasuwar mata ko aboki, wanda a tsoho yakan fito da kamar mantuwa. Akwai ji. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi ba ya kama maganar tun farko, sai a ce ya manta, sannan ya janye daga majalisa saboda kunya, zaman kaɗaici ya ƙara dakushe shi. Har magungunan da yake sha na iya zama sanadi, irin su ƙwayoyin barci da wasu magungunan mura masu sa gyangyaɗi. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ciki har da hawan jini da suga da baƙin ciki da nauyin kunne da kaɗaici da taba da raunin gani da rashin motsa jiki, ya ce magance su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa da cutar.

Kada kuma a ce ai ganye ne, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Ginkgo yana iya tsinka jini. Dattawanmu da yawa suna kan ƙaramin aspirin ko warfarin saboda zuciya, haɗa su ba tare da sanin likita ba yana ƙara haɗarin zubar jini. Mai kantin nan bai tambayi Hajiya ko Baba yana shan wani abu ba.

Ɗaya kasuwar ita ce ta ɗalibai. Da JAMB ko WAEC ta matso, sai ka ji tallar "maganin ƙarin basira" da "maganin hadda" a lasifikar mota a bakin tasha, a rediyo, a Facebook da TikTok. Iyaye su matsa su saya, yaro ya sha ya kwana yana karatu da shayi mai kauri. Abin yana ba ni takaici, domin mu ne mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake hadda. Gardin da ya haddace izu sittin a tsangaya ba kwalba ya sha ba. Allo ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya tashi da asuba ya yi tilawa, bayan kwanaki ya koma baya ya maimaita don kada ya zube. Masu nazarin ƙwaƙwalwa a yau abin da suke cewa ke nan: maimaitawa da tazara, da karantowa da ka ba tare da duba takarda ba, su ke kafa karatu, kuma a cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Yaron da ya hana idonsa barci ya zubar da rabin wahalarsa. Ba ni da ja da zuma da zabibi da dabino, abinci ne masu albarka, a ci. Ja na da wanda zai ƙulla haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, ya manna masa suna mai daɗi, ya yi wa uwa alkawarin ɗanta zai ci jarrabawa.

Hukumomi suna da aiki a nan. Doka ta ce sai NAFDAC ta amince da tallar magani kafin a watsa ta, to a bi gidajen rediyo da masu lasifika a tambaye su takardar. A sa a rubuta gargaɗin nan da Hausa da manyan haruffa a gaban kwalba. Majalisar harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, wadda ke ba masu kemis lasisi, ta koya musu cewa kukan mantuwa a tsoho dalilin turawa asibiti ne.

Ban yi wa matar magana ba a ranar, kuma har yanzu ina jin nauyin hakan. Da zan sake ganinta, cewa zan yi: Hajiya, ki haɗa duk magungunan da Baba ke sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da wannan sabuwar kwalbar. Ki rubuta ranar da kuka fara lura, da abubuwan da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Ki kai shi asibiti tare da wanda ke kwana gida ɗaya da shi, domin shi Baba zai ce wa likita lafiyarsa ƙalau. A auna jini da suga, a duba kunne da ido, ki tambayi likita game da gwajin B12 da na maƙoshi. Idan ya ga da buƙata zai tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa. Idan kuwa wata rana kuka ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe masa, a ranar za ku tafi, ko da tsakar dare ne.