Ba sai sabulu ya bushe ƙarau ake yanka shi ba

Masu haɗa sabulu a gida da yawa suna ɗauka wai sai an bar shi ya yi sati biyu ko uku ya yi tauri sosai sannan a yanka, wai a nan zai fita sumul. Wallahi a nan ake ɓata shi. Sabulun da aka haɗa da soda a sanyi, wato ba tare da an dafa shi a wuta ba, bayan awa 24 zuwa 48 da zubawa a mazubi ya isa yanka, ki danna da yatsa (da safar hannu don Allah, sodar ba ta gama lafawa ba) in kin ji ya ɗan yi ƙarfi bai manne ba to lokaci ya yi. In ya wuce haka gefen sai ya riƙa marmashewa, in kuma kin yi gaggawa ya bi wuƙar ya yi dameji.

Ita ma wuƙar, mai kauri tana buɗa sabulun ne ta tsaga shi kafin ta kai ƙasa. Siririyar waya a ɗaure tamau ta fi, a danna sau ɗaya kai tsaye ba a yi ta gurzawa ba. Bushewar sati 4 zuwa 6 da sabulu ke buƙata kafin a fara amfani da shi, bayan yanka ake yin ta.