Kujerar fata da ranar da surukina ya ɗaga labule

Ni fa burina bai da yawa jama'a. Wuri kawai nike so wanda in na dawo aiki zan yar da jaka in miƙe ƙafa, rimot a hannu, kar kowa ya ce min gyara. Kujerun falonmu na kayan ɗakin maman yara ne tun na aure, waɗanda kunka sani, masu hannun katakon nan da in barci ya sace ka a kai sai ka wuni wuya a karkace, kuma dokar gidan ba a hawansu da ƙafa. To da na kwashi adashin ofis farkon Janairun 2024, ana shirin fara gasar kofin Afirka a Kwaddibuwa, sai na ce wannan karon kaina zan yi wa hidima. Na ɗauki wani da muke kira Injiniya, mutumin da babu abin da bai sani ba tun daga siminti har maganin basir, munka nufi wani shagon kayan ɗaki cikin gari.

Duk abin da ake dubawa na duba wallahi. Na cire takalmi na miƙe a kanta cikin shagon mutane don in ga ko tsawonta ya kai ni, ya kai har da saura. Hannunta ƙasa-ƙasa ne mai taushi, ba sai da matashi ba. Na danna soson da gwiwa ya dawo nan take, mai shagon ya ce soso mai nauyi ne ba irin wanda ke lotsawa ka riƙa jin katako a gindi ba. Na ɗaga kusurwa ɗaya don in ji ko ƙirar za ta yi ƙara ko ta murɗe, shiru. Maganar fata kuwa sashen Injiniya ne, shi ya ce in bar masa. Mai shago ya ce Alhaji wannan fata ce zalla daga Turkiyya, Injiniya ya duƙa ya shinshina ya mari bayanta tas tas, ya ce in ma ba ta Italiya ba ce, kuma a ɗauki baƙa don ba ta nuna dauɗa. Ga sanyin hunturu a waje ga esi a ciki, kujera ta yi sanyi ƙalau tana ƙyalli da maɓallai a jere. Kuɗin ba zan faɗa a nan ba don maman yara na karanta abin da nike rubutawa, kuma abin da na gaya mata daban ne.

Anka loda ta a-kori-kura, sai da anka cire ƙyauren falo kafin ta shiga. Na sha daɗi, ba zan ɓoye ba. A kanta na kalli gasar nan kaf, a kanta na yi jinyar zuciya daren 11 ga Fabrairu da masu masaukin baƙi sunka doke mu 2-1.

Sai azumi ya shigo cikin Maris, Sakkwato ta koma Sakkwaton da munka sani, zafi ya haura 40 ya zauna can, iskar da ke shigowa ta taga ma ƙona fuska take. Cikin azumi ban cika hawanta da rana ba, siminti nike bi. Bayan ƙaramar Salla da 'yan kwanaki, ranar wata Asabar, an ɗauke wuta tun safe, janareto kuwa tun da anka cire tallafin mai a 2023 sai dare yake jin muryata. Na dawo azahar na sha fura na ƙoshi, na tuɓe riga, na tuɓe singileti, daga ni sai gajeren wando, na kife a kan kujerata kunci ɗaya manne da ita. Gidana ne ai. Barci ya kwashe ni.

Cikin barci na ji sallama, na ji kuma muryar maman yara tana cewa Abban yara tashi, tashi Baba ne, da irin muryar nan ta raɗa mai tsawa a ciki. Baba fa. Mutumin da tun da anka kawo 'yarsa gidan nan bai taɓa taka ƙofarsa ba, ni ke zuwa Wurno in durƙusa. Ashe ya shigo gari ganin likitan ido, shi da amininsa, kuma autansu maman yara da ya tuƙo su shi ya ga dama ya biyo da su ba ko waya. Kafin in gane gabas da yamma an riga an ɗaga labule.

Na yunƙura in tashi. Ban tashi ba. Jama'a na manne, kunci da ƙirji da ciki da cinyoyi, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Zufa ta taru ƙarƙashina ta rasa inda za ta bi ta zama gam. Na sake yunƙurawa da ƙarfi, na dafa hannu biyu na ɓanɓaro kaina, sai kujerar nan ta saki wani sauti. Ba gajere ba. Dogo, mai hawa da sauka, ya fara daga wajen ƙirji da siririyar murya ya gangara ciki ya yi kauri, da cinyata ta ƙarshe ta rabu da ita ya rufe da wani ɗan ɓut. Duk wanda ke falon nan ya san sautin da ya ji, kuma sauti ne da ba a yinsa gaban suruki ko da a mafarki.

Falo ya yi tsit. Baba na tsaye bakin ƙofa da sandarsa, ido ɗaya an rufe da auduga, ɗayan kuma ya ɗaga shi sama yana kallon fankar da ba ta juyawa. Amininsa ya kama gemu. Maman yara ta ajiye butar da ke hannunta a hankali ta juya ta shige kicin, ta bar ni, matar da munka yi shekaru tare.

Na ce, Baba kujera ce.

Ya ce, "Awo. Ba komi, ɗan Adam na."

Ɗan Adam na! Wato bai yarda ba, ya dai yafe min. Wannan yafiyar ita ta fi ƙona min rai har gobe. Na ce a'a Baba wallahi kujerar ce, bari ku gani, na manna tafin hannu a kanta na fizge. Shiru. Na manna damtse na fizge. Shiru. Na koma na zauna da cinya na murza na miƙe zumbur, ni da gajeren wando gaban surukina ina zama ina tashi, kujerar da ta gama tona min asiri yanzu ta zama salihar baiwa ko ƙis ba ta yi ba. Baba ya ce, "Bari hakanan ɗana, sanya riga." Rigar kuma tana can ɗaki, sai na ratsa ta gabansu.

Ban ratsa ba, na ce gara in gaida su tukuna, na durƙusa nan inda nike, ranka shi daɗe an zo lafiya, ya hanya, ya jikin. Ina cikin gaisuwa na ji yatsu a kafaɗata. Aminin Baba ne ya ɓanɓaro wani abu baƙi daga jikina, ya ɗaga shi wajen haske. Sai lokacin na duba ƙirjina. Ɓawon kujera ne, baƙi-baƙi, ya bi ni ko'ina, ga shatin maɓalli zagaye ɗas a kuncina wanda sai da na shiga ɗaki na gan shi a madubi, wato duk rantsuwar da na yi da tambari a fuska na yi ta.

Ashe tsohon nan baduku ne, gadon gidansu ne. Ya murza ɓawon ya shinshina ya ce, "Wagga ba hwata ba ta, roba ta." Na ce Baba daga Turkiyya fa. Ko kallona bai yi ba. Ya ɗauki butar da maman yara ta gudu ta bari ya ɗiga ruwa a hannun kujera, ruwan ya tsaya ƙuru-ƙuru ya gangare, ya ce fatar ƙwarai da anka jeme tana shan ɗigo ta yi duhu a wurin, don tana da ƙofofin gashi, tana numfashi, shi ya sa ba ta riƙe zufa haka. Ya sa autan ya kifa kujerar, ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya ɗaga bakin ɗinki ta ƙasa, sai ga farin yadi saƙaƙƙe a bayan abin. Ya ce bayan fata gashi-gashi ne mai laushi, ba saƙa ba, kuma ka dubi idonta, duk iri ɗaya ne tun daga wannan hannu har wancan, inji ya buga shi, dabba ba ta zuwa haka, sai ka ga tabon ƙaya ko na kaska. Ya nemi ashana ya nuna min yadda take narkewa na ce a yi haƙuri na yarda.

Daga nan fa karatu ya ɓalle, ni ina durƙushe ba riga. Yadda ake jiƙa fata a toka a cire gashi, yadda majema ke jeme ta da bagaruwa, a shafe ta da mai, a rina ja da karan dafi. Yadda fatar jar akuyar Sakkwato ta riƙa ƙetare Sahara a bayan raƙuma har Maroko, Turawa na saye can suna kiranta fatar Maroko suna yi wa littattafai bango da ita. Ya ce amma ta akuya ƙarama ce, ta jaka da takalmi da tumtum ce, kujera irin wagga sai ƙirgin shanu da yawa, su kuma kun cinye su ganda. Ya tambayi nawa na saye, na rage kusan rabi saboda kicin na kusa, duk da haka ya yi salati ya ce ɗan Sakkwato da kansa. Baba dai tabarma ya ce a shimfiɗa masa, a kanta sunka yi la'asar sunka ci abinci, babu wanda ya ko jingina da kujerar.

Amma ni duk wannan bai dame ni ba kamar autan nan. Tun sautin farko yaron nan ya faɗa bayan labule yana shessheƙa, ina ganin ƙafafunsa na rawa ta ƙasa. Yaron da ni na biya masa kuɗin JAMB, ni na kai shi ya koyi tuƙin da yau ya kwaso min surukai da shi ba sanarwa, wayar da ke hannunsa tsohuwar tawa ce, ita ma aro na ba shi ya riƙe. Waya na hannunka, daga asibiti zuwa Mabera minti nawa ne, ba za ka iya cewa Yaya ga mu nan tafe ba? Da na tsare shi a waje wai ba shi da kati. Amma yana da datar da kafin magariba ya aika saƙon murya guruf ɗin danginsu yana kwaikwayon sautin da bakinsa, har ya ƙara masa wani lanƙwasa da babu shi a na asali. Yanzu duk gidansu in na yi sallama sai in ji matan cikin gida na cewa a ba Yaya tabarma kar a ba shi kujera. Wata gwaggonsu da ban taɓa haɗa ido da ita ba ta aiko min da jiƙon sabara wai na kumburin ciki. Kuma wannan yaron ranar bai ji kunya ba da za su tafi ya ce in sa masa mai a mota.

Na sa masa, don Baba na ciki.

Na koma shagon daga baya da ɓawon a ƙulle cikin takarda. Mai shago ya duba ya ce ai fata ce amma ta Turai, ba ta son zufa, ta falon esi ce, kuma zama ake a kanta ba kwanciya ba, wa ya ce in tuɓe. Injiniya kuwa da na kira shi cewa ya yi shi dama ruwan ƙasa ya so a ɗauka, baƙi na jan zafi, ni na nace. A cikin ɗaki, inda rana ba ta shiga. Yanzu an lulluɓe ta da zanen gado mai fulawa, yara ke tsalle a kai, wani kafinta a Tudun Wada ya ce zai sake mata riga da yadi mai kauri tun da soso da katakon lafiya lau suke, muna dai kan ciniki. In akwai mai lambar wani kafintan ya turo min, wannan ya faye tsada.