Bakano da Bazazzagi a Bakin Bahar Maliya

(Jidda, ranar Alhamis da hantsi. Alhaji Bakano da Malam Bazazzagi sun gama Umara, sun sauko daga jirgin ƙasan Haramain a tashar Sulaimaniyya. Ɗan Takari, ɗan ƙanwar Alhaji da aka haifa a garin, ya zo tarbarsu da mota.)

Bakano: Yaro, wuce da mu teku kai tsaye. An ce kallon kyauta ne.

Ɗan Takari: Kyauta ne, Kawu, amma ba yanzu ba. Da rana tsaka babu kowa a Kornish, wurin shan iska na bakin teku, sai kyanwoyi da masu shara. Iskar garin nan jiƙe take, gumi ba ya bushewa a jiki. Bayan la'asar ake fita, bayan isha'i wuri ya cika. Yau kuma daren Juma'a ne, har ƙarfe biyu za ka ga yara na wasa.

Bazazzagi: Na faɗa masa tun a jirgi. Ni garin nan a littafi na san shi. Sayyidina Usmanu ne ya mayar da shi mashigar Makka ta ruwa, shekara ta 26 bayan Hijira.

Bakano: A littafin naka an rubuta inda ake cin abinci da araha?

Ɗan Takari: Wannan ni na sani. Yalla, mu je Bangala, kasuwar kifi.

(A Bangala. Ƙasa jiƙe, ƙanƙara ko'ina. Bakano ya tattare babbar riga.)

Ɗan Takari: Ku saurara, abin mataki uku ne. Ka sayi kifi a kan kilo. Ka kai wa masu gyara, su ma a kan kilo. Sannan ka kai wa masu suya ko gashi, su ma haka.

Bakano: Kifi ɗaya, biya uku? Ko a Kantin Kwari ba mu kai nan ba.

Ɗan Takari: Da kun zo bayan asuba lokacin gwanjo, da ya fi sauƙi. Yanzu sai a duba da kyau. Ɗaga murfin kunnen kifin: in ciki ja ne jawur, sabo ne, in ya yi ruwan ƙasa, ya kwana. Ido ya zama garau. Ka danna jikin da yatsa, in wurin ya lotsa bai dawo ba, ajiye musu kayansu.

Bazazzagi: Wannan jan mai ɗigo-ɗigon, a ilmance, shi ne sarkin kifaye.

Ɗan Takari: Najil ke nan, Baba Malam. Shi ya fi kowane tsada a nan.

Bakano: A mayar da sarki fadarsa. Ina talakawan?

Ɗan Takari: Ga sha'ur, ga kuma harid, wancan koren mai baki irin na aku. Mu uku, kilo biyu za mu saya.

Bakano: Kilo ɗaya.

Ɗan Takari: Kawu, in aka cire ciki da ɓawo da kai, wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Kilo ɗaya ɗanɗano ne kawai.

Bakano: Wa ya ce a cire kan? Na biya kuɗinsa. A sa mini a leda.

(Bayan sun ci da shinkafa sayadiyya, mai launin ƙasa saboda soyayyar albasa, sun yi barci. La'asar sakaliya suka nufi Abhur, arewa da gari, inda ake hayar jiragen ruwa.)

Ɗan Takari: Kafin kowa ya sa ƙafa a jirgi, tambaya biyu ake yi. Kuɗin na jirgin ne gaba ɗaya ko na kowane kai? Na awa ɗaya ne ko rabin awa? Wanda bai tambaya ba, a tsakiyar ruwa zai ji amsa, can kuwa babu ciniki.

Bakano: Ɗan albarka. Jinin Kano bai bar ka ba.

Ɗan Takari: Kowa ya ɗaura rigar ruwa, ya ja igiyar ta kama ƙirji. Baba Malam, zauna a tsakiya, can ne jirgi ya fi natsuwa.

Bazazzagi: Ni? Mutumin da ya tashi a bakin Kubanni? Gaba zan zauna.

Bakano: Kubannin da akuya ke tsallakewa da rani?

(Minti goma da tashi. Malam ya yi shiru, ya rungume ƙarfe, hula ta karkace.)

Bazazzagi: Yaro... a cikin kifin nan akwai wanda bai mutu ba.

Ɗan Takari: Jiri ne, Baba Malam. Kunnenka na jin motsi, idonka na kan littafi yana cewa ba motsi, shi ya sa ciki ya rikice. Rufe littafin, ka kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Ka kuma juya baya ga iska in abin ya zo.

Bakano: Kada ka kuskura ka zubar! Kilo biyu na biya.

(Sun sauka. Bakano ya hango wani lungu ba kowa, ya tuɓe takalmi.)

Ɗan Takari: Kawu, mamnu', an hana! Ga allo can. Iyo sai a wuraren da aka keɓe, masu ma'aikatan ceto. Nan ƙasan duk murjani ne mai kaifi, a yi taku kaɗan kuma sai rami. Ko a inda aka yarda, da takalmin roba ake shiga.

Bakano: Ƙafa kawai zan tsoma, in samu abin faɗa a gida. Wayyo! Wayyo Allah! Wa ya zuba allurai a ruwa?

Bazazzagi: Bushiyar ruwa ce. Tana cikin littafi, shafin da ban kai ba.

Ɗan Takari: Kada ka taka, ƙayar karyewa take a cikin nama. A tsoma ƙafar a ruwan zafi daidai yadda za ka iya jurewa, wajen rabin awa. Wadda ta fito waje a zare ta da hantsaki a hankali, ba a tona da allura. In ta shiga gaɓa ko wurin ya kumbura, sai asibiti.

Bakano: Ruwan zafin nawa ne?

Ɗan Takari: Mai shayi zai ba mu kyauta.

Bakano: Alhamdu lillahi, ciwon ya ragu.

(Sun yi magariba a Masallacin Rahma, wanda ke tsaye kan ginshiƙai a cikin ruwa. Bayan isha'i ga su a Kornish ta wajen Hamra. Iyalai sun shimfiɗa darduma, ga butocin shayi, ga masu sayar da balila, wani irin dafaffen wake. Bakano na ɗingishi.)

Bakano: Innalillahi! Yaro, kira hukuma, bututun gari ya fashe!

Ɗan Takari: Nafura ce, Kawu, ta Sarki Fahad. Tun 1985 take feshi. Tana haura mita 260, babu irinta a duniya.

Bakano: Tun 1985 ba a samu mai rufe famfon ba? Wa ke biyan kuɗin ruwan?

Ɗan Takari: Daga teku ake zuƙa, cikin teku yake komawa.

Bakano: To ribar fa?

Bazazzagi: Kallo ne ribar, bawana. Bari in ɗauki hoto.

Ɗan Takari: Ɗauki ruwa, Baba Malam, amma kauce wa iyalan can. Hoton mutane ba izininsu akwai tara.

(Bakano ya zaro jarka daga ƙarƙashin riga.)

Bazazzagi: Me za ka yi da wannan kuma?

Bakano: Tsaraba. Ruwan ƙasa mai tsarki, kwalba-kwalba a Kurmi.

Ɗan Takari: Kawu, a lita ɗaya akwai gishiri wajen giram 40. Wanda ya sha sai ya fi da ƙishirwa. A filin jirgi kuma zamzam kaɗai ake bari, lita 5, a rufe da hatimi.

Bakano: Giram 40 ka ce? A kowace lita?

Ɗan Takari: Ƙwarai.

Bakano: Malam, ajiye littafin nan ka riƙe mini jarka. Yaro, nemo mana faranti, gobe da rana tsaka za mu shanya.

Ɗan Takari: Kawu, na ce maka a garin nan ko gumi ba ya bushewa.

Bakano: To a Kano zai bushe. Malam, jakarka da sauran wuri, ko mu rage littattafan?