Nasiha kan girmama dattawa a taron tsofaffin ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Na halarci taron tsofaffin ɗaliban sakandaren da na yi, inda aka ware lokaci domin karrama waɗanda suka fi kowa daɗewa da kammala ta. Da aka kira wani dattijo daga cikinsu, sai da ɗansa ya tallafe shi kafin ya iya miƙewa, ya dogara sandarsa yana takawa a hankali, hannunsa yana rawa lokacin da ya karɓi lambar yabon. Daga nan ya roƙi a ba shi makirufo, ya shiga jero sunayen 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda malami yake kiran suna da safe, kuma kusan kowane suna sai ya bi shi da "Allah ya jiƙansa". Zauren ya yi tsit, har masu latsa waya suka ɗago kai.

A nan na tuna aya ta 54 cikin Suratur Rum, inda Allah Maɗaukaki ya ba mu labarin cewa ya halicce mu daga rauni, sannan ya ba mu ƙarfi, sannan ya mayar da mu ga rauni da furfura. Wannan bawan Allah ya taɓa tsere a filin da matasanmu suke tsere yau.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba na zargin kowa da mugun nufi. Kujerun gaba masu kuɗi da masu muƙami ne suka cika su, dattawan da aka ce dominsu aka taru kuwa an jera su a gefe kusa da ƙofa, kuma jawaban masu ba da gudummawa sun cinye mafi yawan lokacin. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya girmama Musulmi mai furfura cikin girmama Allah, bai kuwa gindaya sharaɗin dukiya ko sarauta ba. Bukhari ya kawo yadda Abdullahi ɗan Umar ya gane cewa dabino ce bishiyar da Annabi ya kwatanta da Musulmi, amma ya kame bakinsa saboda manya suna wurin. Wannan ladabin ne ya yi mana ƙaranci a ranar.

Wanda ya fi damuna shi ne dattijon da bai zo ba kwata-kwata, saboda ƙafa ta ƙi, ko ido ya tafi, ko babu mai kawo shi. A shekara ta 8 bayan hijira, ranar buɗe Makka, Sayyidina Abubakar ya jawo hannun mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho tukuf wanda ya makance, ya kai shi gaban Annabi. Sai Manzon Allah ya tambaye shi dalilin da ya sa bai bar dattijon a gida ba har shi da kansa ya je wurinsa. Shugaban da aka buɗe wa gari a wannan rana ne yake faɗin haka, game da mutumin da a lokacin bai ma musulunta ba tukuna.

Don haka ina roƙon kwamitocin shirya irin wannan taro su duba rajistar sunaye, su fitar da waɗanda suke raye amma suna kwance, su wakilta mutum uku ko huɗu su kai musu lambar har ɗaki, su zauna su saurari labarinsu ko da sun maimaita shi, su tambayi iyali halin magani da abin da ake bukata, sannan su nemi addu'arsu kafin su tashi.