Mabiya Hindu ba sa gudun asibiti, abin da ba sa faɗa wa likita ne matsalar

Ranar 22 ga Janairun 2024, da aka buɗe sabon wurin bautar Ram, ɗaya daga cikin abubuwan bautar mabiya Hindu, a garin Ayodhya na Indiya, mata masu ciki a jihar Uttar Pradesh, inda garin yake, sun riƙa roƙon likitoci a yi musu tiyatar haihuwa a wannan rana, don jaririn ya zo duniya a sa'a mai albarka. Ku lura, ba su ƙi asibiti ba, ba su ƙi wuƙar likita ba. Lokacin kawai suke son zaɓa. A ganina haka lamarin addinin Hindu da maganin zamani yake gaba ɗaya. Ba su da wata hukuma guda da ke hana ƙarin jini ko allura. Imaninsu yana taɓa lokacin da za a yi abu, da abin da za a haɗiya, da abin da ake sha a gida likita bai sani ba.

Zaɓen sa'ar, wanda suke kira muhurat, ba laifi idan cikin ya cika. Amma in mai duba taurari ya ba da rana kafin mako 39, mai yiwuwa huhun jaririn bai gama nuna ba, sai a haife shi yana nishi, a wuce da shi ɗakin jarirai. Likita mai dabara shi ke fara ba iyali kwanakin da suka halatta, ya ce su kai wa malaminsu ya zaɓa a ciki.

Inda aka fi shan wahala shi ne azumi. Binciken hukumar nazarin lafiya ta Indiya da aka fitar a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon sukari a ƙasar sun kai miliyan 101, kuma da yawansu masu azumi ne: Ekadashi sau biyu a kowane wata, Navratri kwana tara, sai Karva Chauth da matan aure ke wuni ba ci ba sha har wata ya fito. Mai shan ƙwayar sukari ta glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya sha maganinsa da safe yadda ya saba kuma bai ci komai ba, maganin zai ci gaba da janye sukari daga jini. Da ya sauka ƙasa da 70 a na'urar awon sukari, sai gumi, karkarwa, jiri, wani har suma. Wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne yawancin azuminsu ba na barin abinci ba ne, na barin hatsi ne. Ba shinkafa, ba alkama, amma a ci soyayyen dankali, ayaba, madara da sukari, da sabudana, ƙananan ƙwayoyin da ake yi da sitacin rogo. Mai wannan azumi sukarinsa hawa yake yi. Don haka tambayar "kana azumi?" ba ta isa ba. Sai an ce: wane iri, har ƙarfe nawa, me kake ci a ranar, kana shan ruwa? Amsar ce ke nuna a rage magani ko a bar shi.

Sai batun nama. Ba duka ne ba sa ci ba, binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 44 cikin ɗari na mabiya Hindu a Indiya ne suka ce ba sa cin nama. Waɗannan suna yawan fama da ƙarancin bitamin B12, kuma metformin, maganin sukarin da aka fi rubutawa, yana ƙara rage shi idan an daɗe a kai. Mutum ya zo da mutuwar ƙafa da jin kamar ana tsira masa allura, a ɗora wa sukari laifi, alhali gwajin jini ɗaya da allurar B12 ake buƙata. Ƙwanson kafso kuma yawanci da jelatin ake yi, daga ƙashi da fatar saniya ko alade (Musulmi ya san wannan damuwa ta ɓangarensa). Wanda yake girmama saniya ba zai yi gardama da likita ba. Zai je gida ya buɗe kafson ya zazzage garin, ko ya ajiye shi. Wasu magungunan an tsara su ne su narke a hankali ko su wuce ciki kafin su narke, in aka tauna ko aka daka, an lalata tsarin. Maganin abin mai sauƙi ne: a ba shi ƙwaya, ko na ruwa, ko kafso mai ƙwanson tsiro.

Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, ba maganin ɓoye ba ne a can. Yana da kwalejoji da digiri, kuma tun 2014 yana ƙarƙashin ma'aikatar gwamnati ta musamman, AYUSH. Ba na cikin masu cewa duk shirme ne, amma akwai reshensa mai suna rasa shastra da ke sa dalma da zaiba da asenik a magani da gangan, bisa imanin cewa ƙonawa da tsarkakewa suna kashe gubar. Ba sa kashewa. A 2004 an gwada irin waɗannan magunguna 70 da ake sayarwa a Boston ta Amurka, aka samu ƙarafan a cikin 14. Gubar dalma kuwa mun ga aikinta a Zamfara a 2010: ciwon ciki, ƙarancin jini, lalacewar ƙoda da ƙwaƙwalwa. Lokacin korona ma likitocin hanta a Mumbai sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan wani tsiro mai suna giloy don ƙarfafa garkuwar jiki. Shi majinyacin bai ɗauki waɗannan a matsayin magani ba, abincin gyaran jiki ne a wurinsa. Ka tambaye shi maganin da yake sha, ya ce babu, kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai ka ce: wane gari, wane tsimi, wace ƙwayar gargajiya kake sha? Masu kasuwanci da sunan addini su suka fi ɓata lamarin. Kamfanin magungunan Ayurveda na Patanjali, da ya fito da Coronil a 2020 yana cewa maganin korona ne, sai da Kotun Ƙolin Indiya ta sa shi neman afuwa a jaridu a 2024 kan tallace-tallacen yaudara.

A ƙauyuka har yau ana ɗaukar ƙarambau da ƙyanda a matsayin ziyarar Sitala, abar bautar da a da ake danganta wa agana. Sai a keɓe yaro, a shimfiɗa masa ganyen darbejiya, a ba shi abinci mai sanyi. Keɓewar daidai ce. Kuskuren shi ne jira har "baƙuwar" ta tafi, domin mai ƙyanda yana buƙatar bitamin A, kuma in numfashinsa ya fara sauri, ciwon huhu ne ya shiga.

Game da bayar da sassan jiki bayan mutuwa, malamansu da dama sun yarda, suna kafa hujja da labarin Dadhichi, wani malami a littattafan addininsu, wanda ya sadaukar da ƙasusuwansa. Amma iyali na son a ƙone gawa cikin kwana guda kuma a cike, wasu kuma, bisa imaninsu cewa mamaci yana dawowa duniya, na tsoron a sake haihuwarsa babu ido ko ƙoda. Haɗe da raunin tsarin asibitoci, masu bayarwa bayan mutuwa ba su kai mutum ɗaya cikin miliyan ba, duk da cewa jihar Tamil Nadu ta yi zarra. Shi ya sa yawancin dashen ƙoda a Indiya daga rayayyen ɗan'uwa ake yi. Dokar 1994 ta haramta sayen ƙoda, kuma baƙon da ya je daga Najeriya ko Nijar sai ya tafi da mai ba shi, da takardar ofishin jakadanci mai tabbatar da dangantakarsu, kafin kwamitin izini ya amince a shiga ɗakin tiyata.